A Toshe Ƙaramar Ƙofa

Cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

Ni ne mahaifinku, da hannuna nake rubuta wannan, kuma ina cikin hankalina sarai. Likita ya duba ni da safe, ya tambaye ni wace rana ce yau, ya ce in lissafa masa jikokina. Na lissafa su duka, har na nuna masa wanda ya fasa mini tabarau. Ƙafafuna ne suka ajiye aiki, sai ƙirjin nan da yake yi mini gardama, amma kaina yana nan yadda kuka san shi. Saboda haka kada wani ya tashi bayan raina ya ce ciwo ne ya yi magana, ko magani ne ya juya wa Baba tunani. Babu wanda ya zaunar da ni ya gaya mini abin da zan rubuta.

Ku uku nake wa magana. Kai Babba, wanda jama'ar coci suke kira Ƙaramin Fasto tun kana yawo ba wando. Ke Nas, da aikin asibiti ya cinye sunanki har a cikin gida. Sai kai Auta. Na gaji, 'ya'yana, irin gajiyar da barci ba ya ɗaukewa. Na ƙarar da ƙuruciyata a tsaye gaban mutane ina magana, yanzu in na rubuta 'yan layuka sai na ajiye alƙalami na huta. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, ku bi shi a hankali.

Mutuwa ba ta dame ni ba, na san wurin wanda za ni. Abin da nake tsoro shi ne a rufe ni da ƙasa, cocin nan ya tsage biyu, kuma a ce daga cikin gidana tsagar ta fara. Babba, na ji abin da ake ƙullawa. Bangon ɗakina ba shi da kauri, dattawan da suke zama da kai a baranda kuma duk kunnensu ya yi nauyi, ba su iya raɗa ba. Na ji kuna jira in kau, ku fara sujada a tsakar gidan nan da waɗanda za su bi ku, ku bar wa Faston da majalisar coci ta kawo sauran bencuna. Duk abin da zan rubuta a ƙasa, wannan maganar ce ta sa.

Na ɗaya. Gidan nan na uwarku ne muddin tana numfashi. Ba a sayarwa, ba a sa ɗan haya, ba a taɓa mata ɗakinta da kicin ɗinta. Babba da iyalinsa su ci gaba da zama a sashensu kamar yadda suke. In ita ma Ubangiji ya kira ta, ku raba uku daidai. Kada wani ya zo muku da zancen wai Nas mace ce, tana gidan wani. Hannunta ya fi na kowa daɗewa a jikina cikin wannan ciwo, ko da bai daɗe ba ma, 'yata ce.

Na biyu. Filin da coci yake a kai ba ya cikin gado. Na faɗa a gaban dattawa tun ina da ƙarfi, ina sake faɗa. Gaskiya ne a falonmu aka fara taruwa, muna 'yan kaɗan, wasu a tabarma wasu a kan akwatin uwarku. Gaskiya ne da falo ya yi mana kaɗan, gefen filina na yanka aka kafa rumfa, rumfa ta zama gini. Amma ranar da na bayar, na bayar ke nan. Matan da suka ɗebo yashi a ka, da mazan da suka kwaɓa siminti bayan sun taso daga aiki a gajiye, ba gidana suka zo ginawa ba. Duk wanda ya ce muku kuna da haƙƙi a wurin, ku ba shi ruwa ya sha, ku raka shi bakin titi.

Na uku. Kayan mutane. Kuɗin kowa ba ya kaina, waɗanda nake bi kuma na yafe, kada ku bi sawunsu. Amma akwai tsanin maƙwabcinmu mai walda, yana jingine a bayan banɗaki. Na aro shi don gyaran rufi, ya daɗe a wurinmu har ya fara zo mini aronsa. Ku mayar masa, ku ce na gode. Akwai babban fulas na zumuntar mata, uwarku za ta ce nata ne, ba nata ba ne.

Sai kayan coci da suka mayar da gidan nan ɗakin ajiya: faranti da ƙananan kofunan Jibin Ubangiji, rigunan mawaƙa da ke saman kabad, gangar da fatarta ta yage, mabuɗan da ke rataye bayan ƙofata. Duk a kwashe a kai wa dattijon da ke kula da kaya. Har da babbar kujerar nan mai hannu. Kun san yadda ta shigo. Fasto ya sauke ta daga kan dakalin mumbari ya ce shi a benci zai riƙa zama, kai kuma Babba zuciya ta ɗebe ka, ka ce ba za a wulaƙanta kujerar ubanka ba, ka kinkimo ta kai kaɗai. Ta maƙale maka a hanya, ka yi ta kokawa da ita har ƙafa ɗaya ta karye. Yanzu ga ta nan a falo an tokare ta da bulo, babu mai zama sai kyanwa. Ba kujerata ba ce, ɗana. Ni ma ban taɓa jin daɗinta ba, bayana ciwo take sa shi. A kai wa kafinta ya gyara, a ajiye ta can baya don tsofaffin da benci yake wahalarwa.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙaramar ƙofar da ke tsakanin barandarmu da coci, a toshe ta.

Babu wanda ya san gidan nan ba ita a cikinku, Babba ma yana goye aka yi ta. Da za a tayar da ginin coci jikin bangonmu, uwarku ce ta roƙi magini ya bar mata 'yar kafa, don ta riƙa jin wa'azi tana leƙa tukunya. Aka sa mata ƙyauren katako, gajere, dogon mutum sai ya sunkuya, yana buɗewa daidai bayan mumbari. Ba na nadamar ƙofar nan ko kaɗan. Ta yi aiki a zamaninta. Ta nan aka shigo da matar da naƙuda ta kama ana tsakiyar waƙa, ta sauka a gadonmu. Ta nan magidancin da ya kwana yana faɗa da matarsa yake biyo ni bayan an tashi, don kada a ga ya bi ta gaba a tambaye shi lafiya. Ta nan ku da kanku kuke sulalewa in wa'azina ya yi tsawo, ku je ku buɗe wa uwarku tukunya, ku dawo baki da maiƙo kuna rera waƙar rufewa fiye da kowa. Kuna tsammani ba na ganinku.

To, a hankali jama'armu suka koyi wata ɗabi'a da ban ga irinta a wani coci ba. A wurinsu magana ba ta zama magana sai ta sunkuya ta ƙaramar ƙofa. Ko majalisa ta yanke, ko an sanar a gaban kowa, sai wani ya biyo ta baya ya ji daga bakina a baranda. Sa'ad da ni ne makiyayi wannan bai ɓata komai ba, bakin da ke mumbari shi ne a baranda. Amma da na ajiye aiki aka kawo wani, mutane suka canja Fasto, ƙafafunsu ba su canja hanya ba. Za su saurare shi su kaɗa kai, su amsa amin da ƙarfi, ana yin addu'ar rufewa sai su jeru a bayan mumbari, suna sunkuyowa ɗaya bayan ɗaya har bakin gadona. Wai ya ƙara sujadar yamma, ko na yarda. Wai ya sa ana haska waƙa a bango maimakon littafi, ko na yarda. Wai ya ba mace karatun Littafi Mai Tsarki. In ce musu su koma wurin makiyayinsu, su ce to Baba, mako mai zuwa ga su nan. In na yi tari, a fita a ce Baba bai ji daɗin maganar ba. In barci ya ɗauke ni, a ce Baba ya yi shiru, shirun nan kuwa da ma'ana. Na gaji da zama kotun ɗaukaka ƙara ina kwance a kan robar gadon jinya.

Da abin ya tsaya nan da sai in yi dariya in bar shi. Amma kun tuna matar direban nan, mai zama a layin gaba na zumuntar mata. Ranar da jikinta ya tsananta, da rana tsaka, ta ce a kira mata wanda zai yi mata addu'a ya ba ta Jibin Ubangiji. Mijinta ya taho a guje. Ya shiga coci ta gaba, ya wuce ofishin Fasto, ƙofa a buɗe, mutumin yana zaune a ciki yana karatu. Ya wuce shi, ya zagaya bayan mumbari, ya sunkuyo cikin gidan nan. Ni kuwa an yi mini allura, ina barcin da ko ganga ba ta tayar da ni. Kai ka tarbe shi, Babba. Ka ba shi kujera, ka ce ya jira Baba ya tashi. Ya zauna yana murza hularsa, yana jira. Da na farka na ce me ya hana ku kiran Fasto, kafin wani ya amsa mini wayar direban ta yi ƙara. Matar ta rasu tana tambaya ko an taho.

Ko da na farka da wuri, da wace ƙafa zan je? Wannan tambaya ba ta zo wa kowa a rai ba, daga shi har kai. Ban ce mugunta ce ba. Na san zuciyarka, na ga yadda ka kasa cin abinci ranar. Sabo ne, sabo kuwa ya sa mace mai aminci ta mutu ba addu'a alhali makiyayinta yana zaune a bayan bango. Da labari ya kai wa Fasto, ya tafi gidan makokin, ya ɗauki benci tare da samari, ya zauna da direban har rana ta faɗi. Bai taɓa tayar da zancen ba. Da ya zo gaishe ni kuwa, ta ƙofar gida ya zo, ya ƙwanƙwasa ya jira. A duk cocin nan shi kaɗai ne bai taɓa bi ta ƙaramar ƙofa ba.

Tun ranar na sa aka kulle ta, uwarku kaɗai ke buɗewa ranar Lahadi ta wuce ta mayar. Za ku ce me ya hana ni toshe ta ina da rai. Ta tsagar katakon nake jin waƙa, ita ce sujadar da ta rage mini. Amma kulle da mabuɗi yake tafiya, mabuɗi kuma ana yanka wani. In na tafi, kafin Lahadin farko, ku kira maginin nan na cikin mawaƙa, wanda muryarsa ke bin tata hanya daban. Waƙa ce ta gagare shi, gini bai gagare shi ba. Akwai ragowar bulo a bayan kicin. Ya cire ƙyauren, ya jera bulo, ya yi filasta ciki da waje, ya shafa fenti. Daga ranar, duk ɗan gidan nan da zai shiga coci ya fita titi, ya bi gefen shagon mai walda, ya sha kwana, ya shiga ta inda kowa yake shiga.

Na biyar. Maganar Fasto. Ku daina ce masa sabon Fasto, ya isa haka.

Ba irin wa'azina yake yi ba. Gajere ne, wani lokaci ina gyara kwanciya don in saurara da kyau sai in ji ya ce amin. Daga waya yake karanta nassi, abin da har yau idona bai saba da shi ba. Yana da gaggawa. Yakan wuce tsoho da gaisuwa ɗaya, bai san tsoho sai an tambaye shi gwiwa da baya da jikoki ba. Ya canja waƙoƙi da sauri fiye da yadda haƙoran tsofaffi za su iya taunawa, lasifikarsa kuma tana girgiza mini kofin magani. Duk na san wannan.

Amma ku ji abin da kunnena ya jiyo mini ina kwance. A zamanina murya ɗaya ake ji daga farko har ƙarshe, tawa. Ni ne mai wa'azi, ni ne mai buga ƙararrawa, ni ne alƙali, ni ne mai binne gawa, don a lokacin babu wanda zai yi. Yanzu muryoyi nake ji. Telan nan da na yi shekaru ina ɗauka bebe ne, shi ke jagorar addu'a, har na ji hawaye a kunnena ina kwance. Yarinyar da aka yi ta ƙorafi don an ba ta karatu, tana karantawa kamar ta san mai maganar. Sujadar yamma da aka zo mini ƙara a kanta, ta cika da masu gadi da direbobi da ma'aikatan asibiti da masu toya burodi. Mutanen da muke sa wa suna a addu'a a matsayin waɗanda suka ja da baya, ashe suna wurin aiki ne da safe. Wata rana a nazarin Littafi wani saurayi ya yi masa tambaya mai wuya, sai na ji ya ce bai sani ba, su bincika tare su dawo mako mai zuwa. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Saurayin kuwa ya dawo, har da abokinsa.

Duniyar da za ku yi sujada a cikinta ba tawa ba ce. Yaro kafin Lahadi ta zo ya riga ya saurari masu wa'azi barkatai a wayarsa, na kirki da na banza. Mutane suna tashi daga gari zuwa gari neman abinci, wanda ka yi wa baftisma bana baɗi ba ka san inda yake ba. Makiyayin da ya ce komai sai ta hannunsa, zai wayi gari hannunsa a cike, bencunansa a wofi. Ina da bege a kan cocin nan, kuma ba begen tsohon da yake lallashin kansa ba ne, na ji alamarsa da kunnena. Ina hango ikilisiyar da za a san shugabanta da yawan mutanen da ya tayar, wadda in an ɗauke Fasto gobe ba za ta tsaya cik ba. Ina hango dattawan da za su gaya wa makiyayi gaskiya a gaban idonsa cikin majalisa, su fito bakinsu ɗaya. Ina hango matan da suka goya cocin nan tun yana rumfa an ba su wurin magana, ba wurin wanke kofuna kaɗai ba. Ba zan ga cikarsa ba, amma na ga tsironsa, ya ishe ni.

Babba, yanzu da kai nake, kai kaɗai. Kana ƙarami ka kife bokiti a tsakar gida, ka hau, kana yi wa kaji wa'azi da cokali a hannu. Muka yi dariya, wani ya ce ga Ƙaramin Fasto, suna ya bi ka. An yi ta kiranka da shi har ka girma ka yi furfura a gemu, har kai da su kuka ɗauka mumbari ajiyarka ce. Ranar da majalisa ta sanar za a kawo wani, na ga fuskarka. Ka yi murmushi kana gaisawa da mutane, amma ni na haife ka. Ya yi mini ciwo ƙwarai, har yau yana yi mini. Ina ƙaunarka, ɗana, ban kuma taɓa jin kunyarka ba. Sai dai kira ba a gadonsa kamar gona. Kai malami ne, na gaske kuwa. Yaran da suka bi ta hannunka a makaranta da na makarantar Lahadi, har yau suna tsayar da ni su gaya mini. Kai dattijon ikilisiya ne, kana da kujera a majalisa. Gaggawar Fasto da gajeriyar gaisuwarsa, wa ya fi ka iya gyara masa su? Ka gaya masa a can, ido da ido, kamar wa da ƙane. In kuwa kana jin Ubangiji yana kiranka kiwon garke da gaske, ka bi hanya, ka je a horar da kai, a aike ka inda ba wanda ya san ubanka. Albarkata tana biye da kai har can. Amma ban sa albarka ga sujadar tsakar gidan nan ba, ba kuma zan sa ba. Rabin da za ka ɗauka, matan wasu ne da mazan wasu, za ka raba gidaje kafin ka raba bencuna.

Na shida. Nas, tsakaninki da yayanki. Ranar taron ikilisiya kika miƙe a gaban jama'a kika ce coci ba shagon gado ba ne. Abin da kika faɗa gaskiya ne, na ma rubuta shi a sama. Amma kin faɗa shi kamar yadda kike yi wa mai taurin kai allura, ba shafawa ba lallashi, kuma a gaban matarsa da 'ya'yansa. Tun ranar kuna shigowa ɗakina bi da bi kamar masu karɓar aiki, in ɗaya ya ji takun ɗaya sai ya tuna yana da uzuri. Kuna tsammani ban lura ba. Ki je sashensa, ki zauna, ki ba shi haƙuri a kan yadda kika faɗa. Kai kuma Babba, in ta zo kada ka tsaya kana ɗaure mata fuska, ka san bakinta, na uwata ta ɗauko. Kada ku jira sai kun haɗu a kan gawata, a nan kowa ma yana iya rungumar kowa.

Na bakwai. Littafina Mai Tsarki, babban nan mai baƙin bango da aka ɗinke da zare, na Auta ne. Na san za a yi mamaki. Auta, ka daina zuwa coci tun da rigimar nan ta fara, ka ce kai ka gaji da ganin manya suna harara da waƙar yabo a bakinsu. Ban ga laifinka sosai ba, ni ma da ina da ƙafa wata rana da na bi ka. Ka ce kana jin wa'azi a waya a shagonka kana gyaran wayoyin mutane. To, madalla. Amma ranar da matarka ta haihu, ban ga waya ta kawo muku abinci ba, matan zumunta na gani. An gaya mini Fasto yakan zo shagonka ya zauna a benci, ku yi hirar ƙwallo, ya tashi ya tafi bai ce maka komai a kan Lahadi ba. Mutumin da ya iya wannan haƙurin, ka ba shi dama. Littafin ba na ajiya a kabad ba ne, yana da nauyi, amma ka riƙa ɗaukarsa.

Sauran littattafaina a kai ofishin coci don duk mai so ya karanta. Baƙar kwat ɗina a ba wanda ta yi wa daidai, in asu ya bar wani abu. Agogon hannuna na mijin Nas ne, ko Allah zai sa ya fara zuwa wuri a kan lokaci.

Na takwas. Jana'izata. Kada a daɗe, kada a yi ɗinkin anko, kada a jera masu jawabi har rana ta ƙona mutane. Fasto ne zai yi wa'azi, shi zai binne ni. Kada a ɗauko wani babban baƙo daga nesa don a kauce masa, na san wannan dabarar, na ga an yi ta a wasu wurare. Kuma ba a waya za a sanar da shi ba. Babba, kai ne babba. Kai za ka taka har ofishinsa, ka gaya masa da bakinka mahaifinka ya tafi, ka roƙe shi ya zo ya yi wa ɗan ikilisiyarsa hidima. Ɗan ikilisiyarsa nake, ba wani abu ba.

Na tara, na ƙarshe. Nas, na san tun a na huɗu kike son ki katse ni ki ce gwiwoyin Mama fa. Na sani. Ƙofar nan tata ce, don ita aka yi ta, kuma yanzu ne ta fi bukatarta. Zagayen titi ga mai lafiya ba komai ba ne, ga uwarku tafiya ce. Akwai kwata a gaban shagon mai walda, akwai masu babur da ba sa ganin tsoho, ga matakalar ƙofar gaba. Mun yi maganar da ita. Ta yi kuka, ta ce in bar mata ko da 'yar taga. Ranar, abinci ma a gefen gado ta dangwarar mini. Washegari ta shigo tana gyara mini matashi, ta ce ita ma matar direban tana tsaya mata a rai, a toshe. Amma ta ce ba za ta fasa sujada a cocin da ta ɗebo wa yashi ba, ko da rarrafe ne, kuma ba za ta zauna a wata sujada ta tsakar gida ba ko wa ya kira ta.

Ita kaɗai ba za ta iya zagayen nan ba. Nas tana aiki yawancin Lahadi, Auta yana can wata unguwa. Kai ne a gida, Babba. Tsohuwar laimata da na yi yawon ziyara da ita, na bar maka, tana bayan ƙofa. Ka riƙe wa uwarka ita in ana rana ko ruwa, ka ba ta hannunka ta dafa, ka tsallakar da ita kwata, ka hau da ita matakala, ka zaunar da ita. In ka kai ta ciki kuwa, ba na jin za ka bar ta ka juya mutane suna kallo. Za ka ce Baba ya ɗaure ka. Haka ne, na san abin da nake yi, ita ma ta sani.

Ubangiji ya sa muku albarka, ku da matanku da mijinki da 'ya'yanku. Ya tsare fitarku da shigarku, ya ba ku abin da za ku ci da zuciyar da za ku ci shi tare. Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna. Ku riƙa haɗuwa a gidan nan kuna cin abinci a faranti ɗaya ko ba wani dalili, jikokina su san junansu. Kada a ji kanku a waje, kada kuma sunana ya zama sandar da za a doki wani da ita a cocin nan. Salamar Almasihu ta zauna tare da ku har mu sake saduwa.

Babba, ranar Lahadi uwarka da wuri take shiri. Za ta ɗaura ɗankwalinta, ta ɗauki littafin waƙarta, ta zauna a bakin ƙofar gida tana jiranka. Kada ka bar ta ta daɗe a zaune.

Mahaifinku.